Alƙawarin Banki Ba Rumbu Ba Ne: Tsanyawa da Rancen Ko-Ta-Kwana

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar watan Agusta, da zarar ya bar Bichi a baya ya doshi Tsanyawa, kore ne zai cika masa ido dama da hagu. Gero ya kere tsawon mutum, dawa na biye da shi, gyaɗa da wake sun shimfiɗu a ƙarƙashinsu, gona na jingine da gona babu ko tazarar daji, sai kuka da ɗorawa da gawon da ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba kowace damina. Baƙo zai ce mutanen nan suna cikin wadata. Maigida a Yankamaye ko Gurun ko Tatsan kuwa ya san wannan ne watan da aljihu ya fi bushewa. Hatsin bara ya koma gindin rumbu, na bana bai nuna ba, 'yan kuɗin da aka tara da rani sun tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, sauro ya yi yawa, zazzaɓi na kwantar da yara, ruwan malka kuma na jiƙa katangar ƙasa har ta zube. A irin wannan lokaci ake gane abin da gida ya tanada domin ranar da ba a sa rai, kuma da ma'aunin wannan wata ya kamata a gwada duk wata dabara da ake kira shirin ko-ta-kwana.

A 'yan shekarun nan wata sabuwar dabara ta shigo ta cikin wayar hannu. Banki kan aiko wa mai asusu saƙo cewa an amince masa ya cire kuɗi fiye da abin da ke cikin asusunsa, har zuwa wani adadi, ya biya daga baya. Ma'aikatan banki na kiranta obadiraf, da Hausa kuwa ana iya cewa damar zarce ajiya. Masu ba da shawara kan harkar kuɗi, musamman a birane, sukan ce mutum ya karɓi damar ya adana ta, kada ya taɓa ta sai ranar da ta ɓaci. Hujjarsu ita ce matuƙar bai ci ba babu kuɗin ruwa a kansa, ranar da ciwo ko gobara ta zo kuwa ga kuɗi a hannu ba tare da ya je ƙofar kowa ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai waɗanda take yi wa rana. Amma ga mafi yawan gidajen Tsanyawa da makamantansu, damar zarce ajiya alƙawari ce kawai, kuma igiyar tana hannun mai alƙawarin. Tana iya zama 'yar gadar kwana kaɗan ga mai albashi ko ɗan kasuwa. Wanda ya ɗauke ta a matsayin rumbu kuwa ya jingina bayansa ne da bangon da ba shi ya gina ba, bai kuma san ranar da mai bangon zai rushe abinsa ba.

Don wa aka ɗinka rigar?

Tarihin banki ya nuna cewa a shekarar 1728 ne bankin Royal Bank of Scotland da ke birnin Edinbara ya amince wa wani ɗan kasuwa mai suna William Hogg ya riƙa cire kuɗi har fam 1,000 fiye da abin da ya ajiye. Wannan ake ɗauka a matsayin mafarin tsarin. Abin lura shi ne irin mutumin da aka yi wa: ɗan kasuwa ne mai kaya a hanya, wanda ya san kuɗinsa za su shigo nan da 'yan makonni, yana neman abin da zai toshe giɓin da ke tsakanin biyan dillali da karɓar ciniki. Har gobe siffar ba ta sauya ba. Ana lissafa kuɗin ruwa kullum a kan abin da aka ci. Banki ne ke yanke iyakar kuɗin, shi ne kuma ke duba ta lokaci-lokaci ya ƙara ko ya rage. Duk kuɗin da suka shigo asusun, bashin suke fara cikewa kafin mai asusu ya ga saura. A yawancin takardun yarjejeniya akwai sharaɗin da mutane ba su cika karantawa ba, cewa banki na da ikon janye damar ko neman kuɗinsa duk ranar da ya ga dama. Cewar da ake yi damar da ba a taɓa ba kyauta ce ma ba ta cika gaskiya ba, domin ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya sun ba bankuna izinin cajin kuɗin gudanarwa a lokacin da suka amince da rance, ko da mai asusu bai zari ko sisi ba.

Daga nan sai a tambaya, mutum nawa ne a Tsanyawa wannan riga za ta shiga? Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da 150,000, kuma mafi yawansu noma da kiwo da ƙananan sana'o'i ne abin yinsu. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma babu yankin da ya kai shi a faɗin ƙasar. Waɗanda suke da asusun ma, yawancin mu'amalarsu ta hannun mai POS ce: ɗa ya turo kuɗi daga Legas ko Abuja, a je a cire nan take. Banki kuwa kafin ya amince wa mutum ya zarce ajiyarsa, shige da ficen kuɗi yake dubawa a takardar asusu. Arzikin manomi ba ya bi ta wannan takarda. Yana nan a dami da buhu, a turken tumaki, a harawar da aka jibge kan rufin ɗaki. Mutumin da ya noma dami ɗari, a idon kwamfutar banki, yana iya zama ƙasa da yaron da ke sayar da kati a bakin tasha, saboda shi yaron kullum kuɗi na ratsa asusunsa. Saboda haka tun daga ƙofa tsarin ya tace mutane, ya bar waɗanda suka fi buƙatar majingina a waje.

Kuɗin manomi zuwan shekara ne

A ɗauka ma an amince wa manomi. Matsala ta biyu ita ce kalandar banki da ta gona ba sa tafiya tare. Kuɗin ruwa na ƙirga kwanaki, gona kuwa sau ɗaya take biya a shekara. A cikin 2024 kaɗai, Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa ƙananan masu rance. A yi lissafi mai sauƙi. Mutum ya zari Naira 100,000 a watan Yuli domin a yi wa matarsa aiki, a kan kashi 30 a shekara. Kowane wata Naira 2,500 na hawa kansa, kafin Nuwamba ya kai 10,000. Idan kuwa irin rancen bankunan waya ne da ake lissafawa kullum, a ce kashi 0.3 a rana, to Naira 300 ce kowace safiya, a kwana 120 ta zama 36,000. Kuma ranar biya tana faɗowa ne da kaka, lokacin da kowa ya fito da hatsinsa kasuwa, farashi ya karye. Manomin zai sayar da araha don ya biya banki, sannan da bazara ya koma ya sayi irin wannan hatsi da tsada daga hannun waɗanda suka tara shi a kasuwar Dawanau. Ya biya kuɗin ruwa sau biyu ke nan, ɗaya a banki, ɗaya a kasuwa.

Matsala ta uku ta fi waɗannan nauyi, domin ita ce ta shafi ainihin ma'anar tanadi. Abin da aka tanada don ranar wuya dole ya kasance yana nan ranar wuyar. Tarihi kuwa ya nuna bankuna suna naɗe hannu ne daidai lokacin da jama'a suka fi buƙata. A rikicin kuɗi na 2008 bankunan Amurka sun rage wa ɗimbin mutane iyakar rancen da suka riga suka amince musu, wasu ma aka rufe musu gaba ɗaya, alhali ba su yi laifin komai ba. A nan gida, bayan da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009, ba da rance ya yi wuya na tsawon lokaci. Mutanen karkara ba sa buƙatar a tuna musu watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin sauya fasalin Naira, sa'ad da mai kuɗi a asusu ya kasa samun abin sayen magani, masu POS suka koma sayar da Naira da Naira, sabis kuma ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar tura kuɗi. Wanda guminsa ne a ciki ma bai samu ba, balle wanda alƙawari kawai yake riƙe da shi. Haka kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗauki nauyin biyan masu ajiya har zuwa Naira miliyan 5 kowannensu. Ajiya tana da mai tsaya mata a doka. Alƙawarin rance kuwa da banki ya faɗi shi ma ya bi shi, babu ofishin da za a je a nemi diyyarsa.

Ga kuma abin da ke biyo bayan gaza biya. Tun daga ranar 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya ƙaddamar da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar bin lambar BVN ɗinsa ya ciri kuɗinsa daga duk wani asusu da yake da shi a wasu bankuna. Ta fuskar banki wannan adalci ne, domin kuɗin da ya ranta na masu ajiya ne. Ta fuskar gidan da ke cikin jarrabawa kuwa, ma'anarsa ita ce gudummawar da 'yan'uwa suka haɗa suka turo don jinya tana iya shiga asusu ta wuce wajen biyan bashi kafin ta kai kantin magani. Kwamfuta ba ta san an yi rasuwa ba, ba ta san tsutsa ta cinye masara ba.

Abin da ƙauye ya riga ya sani

Wannan batu na sanin halin mai bashi shi ne ya raba rancen banki da wanda Hausawan karkara suka gada. A 1988 zuwa 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya zauna yana bibiyar gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta wanda ya ranta da wanda aka ranta wa. Abin da ya gano ya zama darasi a jami'o'in duniya. Kusan duk rancen tsakanin maƙwabta ne ko dangi. Galibi babu takarda, babu jingina, ba a yanke ranar biya ba, ba a kuma ambaci ƙari ba. Idan wanda ya ci bashin ya gamu da tsautsayi, kamar ambaliya ko ciwo ko ɓarnar dabbobi, sai ya biya ƙasa da yadda aka zata, kuma a makare, ba tare da an zarge shi ba. Idan kuma mai ba da rancen ne tsautsayin ya faɗa wa, sai wanda ya karɓa ya gaggauta, har ya ɗora wani abu a kai. Wato bashin ƙauye yana lanƙwasa ne ya bi halin da mutanen biyu ke ciki, saboda kowa ya san gonar kowa. Rance ne da inshora a ƙunshe cikinsa. Idan aka haɗa shi da adashi, da bikin da mata ke yi wa juna, da gayya, da gudummawar dangi, da 'yan awakin da kusan kowace matar aure ke riƙe da su, za a ga karkara ta daɗe da saƙa nata ragar, tun kafin banki ya zo da tasa.

Mai ja da wannan magana zai ce an yi wa ƙauye kwalliyar da ba tasa ba, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Akwai falle, inda ake ba mutum hatsi ko kuɗi da damina ya biya da dami a kaka, sau da yawa ninki. Akwai jinginar gona, wadda a yanki mai cunkoso irin wannan, inda mai bincike Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960 cewa ana nome kowane taƙi shekara da shekaru babu hutu, kan zama hanyar rabuwa da gado har abada. Wata mai bincike, Polly Hill, ta rubuta yadda talakan Batagarawa ke sayar da hatsinsa da kaka saboda bashi, ya wayi gari yana ƙwadago a gonar wani lokacin da tasa ke neman noma. Babbar hujjar mai ja kuwa ita ce, taimakon maƙwabta yana aiki ne idan masifa ta zaɓi gida ɗaya. Idan ta game gari, kamar yunwar Kakalaba ta 1914, ko farin 1973, ko cutar kuturtar gyaɗa da ta ƙarasa noman gyaɗa a 1975, to mai rantawa da mai nema duk sun zama ɗaya. Wannan haka yake. Sai dai a irin wannan shekara banki ma zai fara rufe ƙofa ne ga yankin da ya ga amfaninsa ya lalace. Abin da ya tsallakar da mutane a shekarun fari shi ne hatsin da ya kwana biyu a rumbu, da dabbar da aka sayar, da kuɗin da 'yan cin rani suka turo daga inda farin bai kai ba. Raunin ragar ƙauye gaskiya ne, amma damar zarce ajiya ba ta toshe wannan rami ba, a wuri ɗaya suke yagewa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a wannan zamani. Za a ce, ina amfanin tara kuɗi alhali hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024? Naira 100,000 da aka ɓoye bara, bana ba za ta sayi abin da ta saya ba. Dabba kuma ta zama abin jan hankalin ɓarayi, musamman tun da hare-haren 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Jihar Katsina a ƙarshen 2025. Ashe ba gara mutum ya juya kuɗinsa a sana'a, ya bar banki ya zama majinginarsa ba? Amsa ita ce hauhawar farashi ba ta tsallake damar zarce ajiya ba. Iyakar da aka yanke wa mutum da Naira aka yanke ta, ita ma kullum ƙanƙancewa take yi, kuma hauhawar farashin ce ke sa Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa, wanda zai dawo kan mai rance. Hatsi kuwa ko farashinsa ya faɗi, kamar yadda masu ajiya suka gani a 2025, tiya tana nan tiya a tukunya. Darasin da ke cikin tsadar rayuwa da rashin tsaro shi ne kada a zuba tanadi wuri ɗaya: wani abu a rumbu, wani a turke, wani a asusu da sunan mutum inda ɓarawo ba zai kora ba. Barin tanadi gaba ɗaya don an dogara da rance kuwa, gudun ruwa ne a faɗa rijiya.

Hujja ta uku ta mutunci ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Bahaushe na daraja rufin asiri. Zuwa ƙofar suruki ko attajirin gari neman rance yana da ɗaci, kuma wani lokaci bashin kan zama igiyar da ake jan mutum da ita ranar zaɓe ko ranar neman aure. Waya kuwa ba ta yi wa mutum kallon raini. Wannan fa'ida ce ta haƙiƙa, musamman ga matan da ke sana'a cikin gida. Amma sirrin yana ɗorewa ne muddin ana biya. A 2022 sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame kan wasu kamfanonin rancen waya saboda suna aika wa duk lambobin da ke wayar mai bashi saƙon tozarci. Bankuna masu lasisi ba sa yin haka, amma suna kai suna ga hukumomin da ke tattara bayanan masu bashi, kuma sunan da ya ɓaci a can yakan toshe ƙofofi da yawa. Sannan akwai wata asara da ba a gani. Wanda ya daina shiga adashi, ya daina kai gudummawa don yana ganin banki ya ishe shi, yana warware zaren da zai riƙe shi ne ranar da banki ya juya baya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a karkara shiga cikin bashin juna wani nau'i ne na zumunci.

Hujja ta huɗu ita ce ta mai cewa shi ya san kansa, ba zai taɓa ba sai dole. Ƙasar Kenya ta gwada wannan da miliyoyin mutane. A Janairun 2019 kamfanin Safaricom da bankuna biyu suka fito da Fuliza, damar zarce ajiya a kan asusun waya na M-Pesa. An tallata ta a matsayin abin cike giɓi, amma cikin 'yan shekaru ta zama abin sayen cefane da kuɗin mota na yau da kullum, har a 2022 aka rage kuɗin da ake caji bayan koke-koke sun yi yawa. A Ingila ma sai da hukumar sa ido kan harkar kuɗi ta sake wa tsarin ƙa'ida a 2020, bayan ta gano cewa marasa ƙarfi ne suka fi ɗaukar nauyin cajin. Dalilin a fili yake. Buɗe rumbu sai an sa tsani, an cire marufi, iyali na kallo. Sayar da tunkiya sai an jira ranar kasuwa. Wannan 'yar wahala ita ke ba mutum damar tambayar kansa ko abin ya kai. Rancen da ke ƙarƙashin babban yatsa ba shi da wannan birki, kuma a gidan da buƙata ba ta yankewa, suna da biki da kuɗin makaranta duk sukan zo da fuskar gaggawa.

Bayan duk wannan akwai maganar da a Tsanyawa ita za a fara yi, wato riba. Ga mafi yawan mutanen yankin, rancen da ke haihuwa kullum haramun ne, kuma majinginar da mutum ba zai iya jingina da ita da kwanciyar zuciya ba ta riga ta gaza rabin aikinta. Shari'a ta yi umarni a saurara wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, wanda shi ne ainihin abin da Udry ya tarar manoman Zariya na yi. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa sun samu gindin zama, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, zuwa TAJBank a 2019 da Lotus a 2021. Amma ƙarfinsu ya fi karkata ga saye da sayarwa da manyan 'yan kasuwa a birane. Fiƙihu yana da ƙardul hasan, bashin da babu ƙari, yana kuma da cinikin salam, inda ake biyan manomi kuɗin amfaninsa tun kafin girbi bisa sharuɗɗa bayyanannu. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne a sauko da su inda ake noman.

To, mene ne abin yi?

Adalci ne a faɗi wanda damar ta dace da shi. Malamin firamare, ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na asibiti mai albashin wata, da mai shago ko dillalin hatsi da kuɗi ke ratsa hannunsa kullum, su ne suka yi kama da ɗan kasuwar Edinbara. Idan lamirinsu ya yarda, ko suka samu irin wadda babu ƙari, za su iya riƙe ta a matsayin mafita ta ƙarshe. Sharaɗin shi ne kada iyakar ta wuce abin da albashi ɗaya zai share ba tare da gida ya kwana da yunwa ba, su san kuɗin da ake caji kullum da wanda ake caji tun farko, su karanta sharaɗin janyewa, su kuma tuna albashi kan yi jinkiri amma kuɗin ruwa ba ya yi. Kuma kada kasancewarta ta hana su ware wani abu kowane wata da sunansu.

Ga sauran jama'a, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara daga abin da ke hannu. Hatsin da zai kai gida sabuwar kaka a ware shi tun ranar sussuka, kada biki ya taɓa shi. A riƙe ƙananan dabbobi da kaji da za a iya sayarwa ɗaya-ɗaya. A ajiye 'yan kuɗi a asusu, kaɗan kuma a hannu saboda ranar da sabis ya ɗauke. Ƙungiyoyin adashi su ware wani ƙaramin asusu na daban wanda ba a kwasa, sai don ciwo ko gobara ko haihuwar da ta zo da gardama, a ranta babu ƙari. Tun da fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata suke fitowa, babu abin da zai rage buƙatar rancen gaggawa kamar shigar da manoma tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha da hukumar KSCHMA ke gudanarwa, a kuma ba su damar biyan kuɗin shekara da kaka, lokacin da suke da shi. Hukumar Zakka da Hubusi da Kano ta kafa a 2003 tana da gurbi a nan, domin mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa katutu, suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Bankin da ke son shiga karkara da gaske kuwa sai ya koyi abin da maƙwabci ya sani: ya sa ranar biya ta bi girbi, ya kuma rubuta tun farko sassaucin da zai yi idan damina ta gaza.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu tallar damar zarce ajiya za su ce ai abin da suke kira a yi ke nan, a shirya tun da wuri. Sai dai gorar da aka fafe aka rataye a ɗakin wani, ranar tafiya sai an yi sallama an jira a buɗe. Idan malka ta sauka a Tsanyawa, yaro ya sheme da tsakar dare, mai babur na jira a ƙofar gida don a kama hanyar asibitin Bichi, tambayar da za a yi ita ce me ke hannu yanzu, kuma wa zai tashi idan aka ƙwanƙwasa masa. Gidan da ke da tiya ashirin a ɓoye, da akuya a turke, da maƙwabcin da aka taɓa yi wa rana, yana da amsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.